Kwaɗo da Mabuɗi: Wa Ya Cancanci Riƙe Asirin Jama'a?

Gabatarwa

Kusan dukkanmu mun san zaurance, wato dabarar nan da 'yanmata da samari kan yi ta cusa wasu gaɓoɓi a cikin kalma, ko su juya ta, domin su yi zance a gaban mutane ba tare da an gane inda suka dosa ba. Wanda ya san ƙa'idar ya ji, wanda bai sani ba ya zama ɗan kallo. Wasan yara ne, amma a cikinsa akwai tushen wani fanni na ilimi wanda manyan ƙasashen duniya suka daɗe suna ja-in-ja a kansa, wato ilimin ɓoye saƙo. Duk lokacin da ɗayanmu ya aika kuɗi ta waya, ko ya tura saƙo ta WhatsApp, wani irin zaurance ne na lissafi ke lulluɓe abin da ya aika har ya isa inda aka nufa.

Manufar wannan maƙala ita ce ta duba wata tambaya da wannan ilimi ya haifar. Shin ya dace a ƙera wa kowane mutum kwaɗon da ko hukuma ba ta iya buɗewa? Ko kuwa wajibi ne a ajiye wa hukuma mabuɗi na biyu, domin ranar da za ta buƙaci leƙa asirin mai laifi? Tambayar ta fi ƙarfin injiniyoyi su kaɗai, domin magana ce ta amana da mutunci da kuma rayukan mutane. Za mu bi tarihin rigimar a inda ta fi zafi, wato ƙasar Amurka, mu auna hujjojin ɓangarorin biyu, sannan mu faɗi inda ra'ayinmu ya karkata.

Yadda Kwaɗon Ya Samu

Ɓoye saƙo tsohuwar sana'a ce. Masana tarihin Rum sun ruwaito cewa Yuliyas Kaisar kan gusa kowane harafi da mataki uku idan zai rubuta wasiƙar sirri, ta yadda A za ta koma D, B kuma ta koma E. Irin wannan dabara ta yi ƙarnuka tana aiki, har zuwa ƙarni na 9, lokacin da masanin nan na Bagadaza, Al-Kindi, ya bayyana hanyar warware ta. Ya lura cewa a kowane harshe akwai haruffan da suka fi yawan fitowa, kamar yadda harafin "a" ya fi kowane yawa a rubutun Hausa. Ke nan idan aka ƙirga alamomin da ke cikin saƙon sirri, wadda ta fi yawa ita ce ke tsaye a madadin harafin da ya fi yawa, daga nan kuma sauran su biyo baya. Tun daga lokacin aka shiga tsere tsakanin masu kullewa da masu buɗewa.

Duk da ci gaban da aka yi ta samu, matsala guda ta ƙi warwaruwa: dole ne mai aikawa da mai karɓa su riga su yi musayar mabuɗi a ɓoye. Wannan ya sa fannin ya zama na sarakuna da sojoji da jakadu, waɗanda ke da amintattun manzanni. A shekarar 1976 ne Whitfield Diffie da Martin Hellman na Jami'ar Stanford suka wallafa wata sabuwar hanya. Misalinta shi ne mutum ya ƙera kwaɗuna masu yawa, ya baza su a kasuwa a buɗe, ya riƙe mabuɗinsu shi kaɗai. Duk mai son aika masa saƙo sai ya ɗauki kwaɗo ɗaya, ya kulle akwati, ya aika. Da zarar an danna kwaɗon, ko wanda ya kulle ba shi iya buɗewa, balle ɗan aike.

A 1977 wasu masana uku na cibiyar MIT, Rivest da Shamir da Adleman, suka samo lissafin da ya mai da wannan tunani aiki. Sirrinsa shi ne akwai aikin da ke da sauƙin yi amma yake da wuyar warwarewa. Ɗalibin firamare zai iya ninka 61 sau 53 ya sami 3233. Amma idan aka miƙa masa 3233 aka ce ya nemo lambobi biyun da suka haife ta, sai ya yi ta gwaji. To, lambobin da ake amfani da su a wannan tsari kan kai tsawon alƙalumma 617, kuma har yanzu ba a ga kwamfutar da ta warware irinsu ba. Ta haka aka wayi gari talaka na iya mallakar kwaɗon da ya gagari rundunar sarki, abin da bai taɓa faruwa ba a tarihi.

Wanda ya fara miƙa wannan kwaɗo ga jama'a kyauta shi ne Phil Zimmermann, da manhajarsa mai suna PGP, a shekarar 1991. A wancan zamani dokar Amurka ta lissafa irin wannan manhaja a cikin kayan yaƙi, waɗanda ba a fitar da su waje sai da izini. Saboda haka a 1993 aka buɗe masa binciken laifi, aka yi shekara uku ana yi, kafin a rufe a 1996 ba tare da an gurfanar da shi ba.

Hujjar Masu Neman Mabuɗi

Ba adalci ba ne mu ɗauki masu neman mabuɗi na biyu a matsayin azzalumai. Hujjarsu tana da nauyi, kuma ga yadda take. Tun da aka fara zaman shari'a, babu ƙofar da alƙali ba ya iya ba da umarnin a buɗe. Gida yana da alfarma, amma idan aka sami ƙwaƙƙwaran dalili cewa an ɓoye gawa a ciki, 'yansanda za su shiga da takardar kotu. Hatta tsarin mulkin Nijeriya na 1999, wanda sashensa na 37 ya kare sirrin gidajen 'yan ƙasa da wasiƙunsu da zantukansu na waya, ya dawo a sashe na 45 ya ba da damar taƙaita wannan haƙƙi da doka saboda tsaro da zaman lafiyar jama'a. To, in haka ne, mene ne zai sa waya ta zama ɗaki ɗaya tilo a duniya da ya fi ƙarfin alƙali?

A kan wannan tunani ne gwamnatin Bill Clinton ta fito da shirin Clipper a watan Afrilu na 1993. Wata 'yar ƙwayar na'ura ce da hukumar leƙen asiri ta NSA ta tsara domin a sa a cikin wayoyi. Za ta ɓoye zance daga kowa, amma an raba mabuɗin kowace ƙwaya gida biyu, an damƙa wa ma'aikatun gwamnati biyu ajiya. Idan kotu ta ba da izini, sai a haɗa rabi da rabi a saurara. A takarda, shiri ne mai kama da adalci.

Bayan shekaru fiye da ashirin maganar ta sake tasowa da jini a jikinta. A watan Disamba na 2015 wasu mata da miji suka kashe mutum 14 a garin San Bernardino na jihar Kalifoniya. Hukumar FBI ta sami wayar iPhone da mijin ke amfani da ita, amma a kulle. A watan Fabrairu na 2016 kotu ta umarci kamfanin Apple ya rubuta manhaja ta musamman da za ta raunana kariyar wayar, kamfanin ya ƙi. Duk wanda ya sa kansa a matsayin dangin mamatan zai ji zafin wannan ƙi. Mu ma da muke zaune a ƙasar da masu garkuwa da mutane ke cinikin fansa ta waya, ba sai an yi mana dogon bayani ba. Uban da aka sace wa ɗa ba zai tsaya sauraren falsafar sirri ba. So yake a buɗe kowace waya a garin in dai za a gano ɗansa.

Daga nan sai masu wannan ra'ayi su rufe da hujjar da ta fi kowace shiga rai. Su ce mai kaza a aljihu shi ne ba ya jimirin as. Wanda ba shi da abin ɓoyewa, me zai dame shi don an leƙa?

Asiri Iri Biyu Ne

Wannan hujja ta ƙarshe ita ce za mu fara warwarewa, domin an gina ta ne a kan cewa duk abin da ake ɓoyewa laifi ne. Harshenmu kansa ya ƙaryata haka. Idan Bahaushe ya ce "wane asirinsa a rufe yake", yabo yake yi: mutumin yana da abin da zai riƙe iyalinsa ba tare da ya kai kukansa waje ba. Idan ya yi wa wani fatan rufin asiri, ba yana nufin a ɓoye masa sata ba. Kuma da ya ce ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba, yana koyar da cewa iya riƙe magana alama ce ta cikar mutum. Dubi ma yadda aka tsara gidan gargajiya: baƙo ya tsaya a zaure, na kusa ya wuce shigifa, tsakar gida kuwa sai wanda aka yarje wa. Babu wanda ya taɓa zargin maigida da ɓoye kayan sata don ya gina zaure.

Ashe ke nan akwai asirin laifi, akwai kuma asirin mutunci, na biyun kuwa ya ninka na farkon yawa nesa ba kusa ba. Maras lafiyar da ke gaya wa likita ciwon da yake jin kunyarsa, da magidancin da ke neman rance wurin amininsa, da matar da ke shawara da 'yar'uwarta kan matsalar aurenta, da ma'aikacin da ke tsegunta wa ɗan jarida almundahanar ofishinsu, babu mai laifi a cikinsu, amma kowannensu zai cutu idan aka tona. Bugu da ƙari, mutumin da ya san ana saurarensa ba ya magana kamar wanda ya san ba a ji. Zai riƙa tauna kowace kalma, ya daina tambayar abin da bai gane ba, ya daina faɗin abin da ya saɓa wa na sama. Al'ummar da kowa ke zaune haka ta yi asarar gaskiya tun kafin a kama ko da mutum ɗaya.

Sai kuma batun wanda za a ba ajiyar. Masu neman mabuɗi kan yi magana kamar hukuma wani dattijo ne guda, adali, wanda ba ya mutuwa. Alhali kuwa hukuma mutane ce, masu son rai da gaba da tsoro, kuma kujera tana canza mai zama. A 1963 Antoni Janar na Amurka, Robert Kennedy, ya sa hannu a kan izinin sauraren wayar Martin Luther King, jagoran neman 'yancin baƙar fata. A 1964 jami'an FBI suka aika wa King wasiƙar barazana marar sa hannu, haɗe da faifan abubuwan da suka naɗa na rayuwarsa ta sirri. Wani kwamitin majalisar dattawan ƙasar ne ya bankaɗo wannan a tsakiyar shekarun 1970. Idan haka ta faru a ƙasar da ke alfahari da kotunanta, me za a ce game da ƙasashen da mai mulki ke ɗaure ɗan adawa kafin a nemo laifinsa? Kamfanin da ya ƙera wa wata gwamnati mabuɗi ba shi da bakin hana sauran gwamnatoci.

Mabuɗi Bai San Hannu Ba

Ko da za mu ɗauka cewa duk jami'an duniya amintattu ne, akwai sauran matsala, ita ce kuma ta fi ƙarfi a ganinmu. Kwatanta waya da ƙofar gida yana da gurgunta. Idan 'yansanda suka ɓalle ƙofar mutum ɗaya, ƙofofin maƙwabta suna nan daram. Amma wayoyi miliyoyi iri ɗaya ne, manhaja ɗaya ke tafiyar da su. Abin da ake nema a wurin masu ƙira shi ne mabuɗin da ke buɗe kowane gida a gari, ko kuma a bar wata kafa a bangon kowa. Mabuɗi kuwa ba ya tambayar hannun da ya riƙe shi ko yana da takardar kotu. Masu iya magana sun ce sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.

Wannan ba hasashe ba ne. Shirin Clipper bai shekara biyu ba, a 1994, wani mai bincike a kamfanin AT&T, Matt Blaze, ya nuna cewa ana iya amfani da ƙwayar tare da toshe kafar da aka bar wa hukuma. Wato mai wayo zai tsere, mai bin doka ne kaɗai za a saurara. Zuwa 1996 shirin ya mutu. A ƙasar Girka kuma, tsakanin 2004 da 2005, wasu da suka yi kutse cikin na'urorin kamfanin Vodafone sun kunna sashen da aka tanada domin sauraro bisa izinin kotu, suka yi watanni suna sauraren wayoyi fiye da 100, har da ta Firayim Minista Kostas Karamanlis. Ƙofar da aka gina wa alƙali ita ɓarawo ya bi.

Amurka ma ta ɗanɗana. Tun 1994 wata doka ta tilasta wa kamfanonin wayarta su tsara na'urorinsu yadda za a iya sauraro idan kotu ta ce a yi. A 2024 hukumomin ƙasar suka sanar cewa masu kutse da suka danganta da ƙasar Sin, zargin da Sin ta musanta, sun shiga manyan kamfanonin waya, har sun kwafi wasu bayanai da suka shafi buƙatun jami'an tsaro masu izinin kotu. A watan Disamba na wannan shekarar, hukumar tsaron intanet ta ƙasar ta shawarci manyan jami'ai su koma amfani da manhajojin da ke kulle saƙo tun daga wayar mai aikawa har zuwa ta mai karɓa. Gwamnatin da ta binciki Zimmermann ita ce ta dawo tana neman mafaka a bayan irin kwaɗonsa.

Daɗin daɗawa, lissafi ba ya komawa cikin kwalba. Tun 1995 aka buga dukkan rubutun manhajar PGP a matsayin littafi, kuma ƙa'idojin wannan ilimi suna cikin littattafan da ake koyarwa a jami'o'in duniya. Idan aka raunana manhajar da kowa ke amfani da ita, babban mai laifi zai nemi wata ko ya sa a rubuta masa. Wanda za a bari a fili shi ne ɗan kasuwa da ɗalibi da ma'aikaciyar asibiti.

Abin da Za a Rasa, da Abin da Ya Rage a Wuyanmu

Wajibi ne mu faɗi gaskiya: matsayin da muka karkata gare shi yana da farashi. Za a sami ranar da wata waya za ta ƙi buɗuwa, wani mugu ya kuɓuta, wasu iyaye su kwana da baƙin ciki. Duk wanda ya ce ba haka ba ne yana yaudarar kansa. Abin da muke cewa shi ne ɗaya hanyar ta fi tsada, domin cutarwarta tana kan kowa, kullum, kuma ba ta ma tabbatar da kama mugun ba.

Hasali ma, hana mabuɗin gama-gari bai ɗaure hannun hukuma ba. A watan Maris na 2016 FBI ta janye ƙararta a kan Apple bayan ta sami wasu ƙwararru sun buɗe mata wannan waya guda. A watan Yuni na 2021 kuma aka kama mutum fiye da 800 a ƙasashe daban-daban, bayan ta bayyana cewa manhajar ANOM, wadda gungun masu laifi suka amince da ita, FBI ce ke tafiyar da ita a ɓoye tare da 'yansandan Ostireliya. Ban da wannan, kwaɗo yana rufe abin da aka faɗa ne kawai; wa ya kira wa, da yaushe, daga wane yanki, da inda kuɗi suka bi, duk suna barin sawu. Bin sawu aiki ne mai wahala da tsada, kuma wahalar tana da amfani, domin ita ke tilasta wa hukuma ta fara da zargi a kan mutum takamaimai sannan ta yi bincike. Mabuɗin gama-gari yana juya wannan tsari: a buɗe kowa tukuna, a nemi mai laifi daga baya.

Sai dai mu da aka miƙa wa kwaɗon, akwai nauyi a kanmu. Lissafi yana kare saƙo a hanya, amma ba ya kare shi daga amini maci amana. Mafi yawan asiran da ke tonuwa a tsakaninmu, ba wani gwanin kutse ne ke tona su ba. Wanda aka aika wa ne ke ɗaukar hoton zancen ya yaɗa. Haka kuma rufaffen ɗaki yana iya zama matattarar ƙarya. A Indiya, jita-jitar satar yara da aka yi ta turawa ta WhatsApp ta jawo kashe mutanen da ba su ji ba ba su gani ba, har kamfanin ya taƙaita tura saƙo zuwa wurare biyar a lokaci guda a 2018, ya faɗaɗa dokar zuwa duniya a 2019. Ba a buɗe saƙon kowa ba, an dai rage gudun yaɗuwarsa. Sauran gyaran yana hannun mai tura saƙon, wanda ya kamata ya tuna cewa magana zarar bunu ce.

Kammalawa

Mun ga cewa masu neman mabuɗi na biyu suna da dalili na gaskiya, wato kare rayuka. Mun kuma ga cewa yawancin abin da mutane ke rufewa mutuncinsu ne, cewa masu riƙe hukuma suna canzawa, kuma mabuɗin da aka ƙera domin adali yana aiki a hannun azzalumi da ɓarawo, kamar yadda ya faru a Girka da Amurka. Saboda haka ra'ayinmu shi ne a bar wa kowa kwaɗonsa da mabuɗinsa, hukuma kuma ta bi wanda take zargi shi kaɗai, da izinin kotu, ta hanyoyin da ba su tsaga bangon sauran jama'a ba.

Rigimar ba ta mutu ba. A watan Fabrairu na 2025 kamfanin Apple ya janye wani tsarinsa na kulle ajiyar bayanai daga Birtaniya, bayan rahotannin cewa gwamnatin ƙasar ta nemi a buɗe mata kafa. Wata rana irin wannan muhawara za ta zo gaban majalisunmu da sunan tsaro, kuma za a kawo ta ne a lokacin da zukata ke cike da tsoro. Ɗaliban da ke karanta wannan mujalla suna cikin waɗanda za su zama lauyoyi da 'yan jarida da injiniyoyin wannan rana. Muna fata idan an ce musu mai gaskiya ba ya tsoron a leƙa, za su tambayi wa zai riƙe mabuɗin, wa zai gaje shi, kuma me za a yi ranar da aka sace shi.